Naira 2,500 a Wata: Lissafin Ɗalibin da Ke Koyon Aiki a Jahun

Shirin tura ɗalibai wuraren aiki, wanda aka sani da SIWES, ɗalibai kuma suke ce wa IT, Hukumar ITF ce ta fara shi a 1973, shekara biyu bayan kafa ita kanta hukumar. Ɗan kwalejin fasaha yakan yi wata huɗu bayan ajin farko na difloma, ɗan jami'a kuma wata shida. Alawus ɗin da aka daɗe ana biya naira 2,500 ne a wata, wato 10,000 ga na wata huɗu, 15,000 ga na wata shida.

Sai an jera wannan adadi da mafi ƙarancin albashi ake ganin ramarsa. A 2011 mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, alawus ɗin ya kai kusan kashi 14 cikin 100 nasa. Da aka koma 30,000 a 2019, ya sauko kashi 8. Da aka kai 70,000 a 2024, bai cika kashi 4 ba. Alawus ɗin mai yi wa ƙasa hidima ya tashi daga 33,000 zuwa 77,000, shi kuwa ɗalibi yana nan inda yake. In aka raba 2,500 a kan ranakun aiki 22, kowace rana ta tashi naira 114, kuɗin da ba zai ishi ɗan acaɓa kai mutum ya dawo da shi ba tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Kuɗin ma sau da yawa sai bayan an gama koyon aikin ake ganinsu.

Wannan lissafi shi ke zaɓa wa ɗan Jahun ta Jihar Jigawa inda zai je. Manyan ma'aikatu suna Dutse, masana'antu suna Kano, kuma zama a can yana buƙatar ɗaki da abinci da kuɗin mota. Mai ɗan'uwa a birni ya tafi. Wanda ba shi da kowa sai ya nemi ofis a kusa da gida, ko da babu aikin da ya shafi karatunsa, a sa masa hannu a littafin koyon aikinsa ya koma makaranta. Abin yana damuna, domin ɗan talaka ne ya fi buƙatar waɗannan watanni, shi ne kuma ke fita hannu rabbana.

Fannin lafiya ya bambanta. Jahun na da kwalejin koyon aikin lafiya ta jiha, ga babban asibitin gari inda ƙungiyar MSF ke kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari tun 2008. Mai karatun lafiyar al'umma, na shekara biyu ko na uku, ba ya rasa inda zai ga aiki da idonsa, domin makaranta da asibiti suna gari ɗaya.

Ana iya yin haka a noma. Aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja da ke Auyo, wanda aka ƙaddamar a Janairun 2023, ya haura hekta 5,000. Ko da ɗalibi ɗaya aka ba kowace hekta 50, an sami gurbi 100 ga masu karatun noma na Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗeja da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa. Ba a ma zo kan injinan casar shinkafa da masu gyaran injin ban ruwa da masu haɗa sola ba.

Jigawa na da ƙananan hukumomi 27. In kowace ta tantance masu sana'a 20 da suka cancanci karɓar ɗalibai, kowane ya ɗauki biyu, gurabe 1,080 ke nan a kusa da gida. In jiha ta ƙara wa kowane ɗalibi naira 10,000 a wata na wata huɗu, jimillar kuɗin naira miliyan 43.2 ce a kowane zango.