Aikin sa-kai da yawon hamada: wa ke ɗaukar haɗarin?

Akwai wata irin tafiya da kamfanoni ke tallata wa matasan Turai da Amurka, mai fuska biyu. Daga Litinin zuwa Juma'a matashi zai koyar da Turanci ko ya yi wasa da yara a wata cibiya a birnin Marakesh na Maroko, ƙarshen mako kuma a ɗauke shi a mota tafiyar sama da kilomita 500 zuwa Merzuga, ya hau raƙumi, ya kwana a tanti cikin rairayi, ya ɗauki hoton faɗuwar rana. Haka ake yi a Jodan da kwarin Wadi Rum, haka a Namibiya. Wasu masu sukar lamarin sukan yaba wa aikin, su yi tir da yawon, wai ya nuna shaƙatawa ce ta kawo baƙon. A ganina sun juya maganar. Yawon ciniki ne na gaskiya wanda kowa ya san abin da ya saya da abin da ya sayar. Aikin na mako biyu shi ne ya kamata a tsare da tambaya.

Aikin sa-kai mai amfani yana da alamomi da aka daɗe da sani. Shirin Peace Corps, wanda shugaban Amurka John Kennedy ya kafa a 1961, yana tura mutum shekara biyu, bayan horo na kusan wata uku. Waɗanda aka kawo Nijar daga 1962 sun koyi Hausa ko Zabarmanci kafin a kai su ƙauye, kuma shekarar farko yawanci a koyon zama da mutane take ƙarewa. Nijeriya ma tana da nata, shirin Technical Aid Corps da aka kafa a 1987, mai tura likitoci da malamai da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Pasifik na shekara biyu, bisa buƙatar ƙasar da ta nema. Sana'a a hannu, lokaci mai tsawo, da gayyatar masu gida, su ne ginshiƙan. Yaron da ya gama sakandare jiya, bai taɓa riƙe alli ba, bai jin harshen ɗalibansa, zai tafi kafin ya haddace sunayensu, ba shi da ko ɗaya cikin ukun. Kuɗin da ya biya kuwa, kaso mai tsoka yana tsayawa ne a hannun kamfanin da ya shirya tafiyar da kamfanin jirgi.

Yawon hamada fa? Agadas ta isa shaida. A shekarun 1980 da kuma farkon 2000, lokacin sanyi lokacin kasuwa ne a garin. Gasar motoci ta Paris-Dakar tana ratsawa, jiragen shata suna sauke baƙi daga Faransa, kamfanin yawon buɗe ido na Mano Dayak, wanda filin jirgin garin ke ɗauke da sunansa yau, yana kai su duwatsun Abzin da rairayin Tenere, yankin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1991. Kowace mota da ta fita tana ɗauke da direba da jagora da mai dafa abinci. Direban ya san inda zai tsaya ya rage iskar taya kafin ya shiga rairayi mai laushi, ya san yadda ake shimfiɗa faranti na ƙarfe a ƙarƙashin ƙafar da ta nutse. Mai dafa abinci yana kwaɓa fulawa ya binne ta cikin rairayi mai zafi da toka, ta fito gurasa, a kakkaɓe a ci da miya, sannan shayi zagaye uku. A cikin gari maƙeran azurfa da dukawa da masu masauki suna jira. Wannan ilimi nasu ne, gadon ayarin gishirin Bilma, kuma a nan baƙo ne ɗalibi. Da tawayen 2007 zuwa 2009 da sace ma'aikata bakwai a Arlit a 2010 suka kori baƙi, direbobi da yawa sun koma jigilar masu ƙaura zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta wannan ma, kafin a soke ta a 2023. Rashin masu yawo ya yi wa Agadas illar da rashin masu aikin mako biyu bai taɓa yi mata ba.

Mai ja da wannan magana zai kawo batun haɗari, kuma hujjarsa tana da nauyi. Hamada ba filin wasa ba ce: a Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92, akasarinsu mata da yara, a arewacin Arlit, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Ga kuma 'yan bindiga. Ranar Lahadi 9 ga Agustan 2020, Faransawa shida ma'aikatan agaji na ƙungiyar ACTED suka fita daga Yamai kallon raƙuman dawa a Kure, tafiyar kusan kilomita 60, aka kashe su. Tare da su aka kashe 'yan Nijar biyu, direbansu da jagoran da ya raka su. Sai dai a dubi abin da yakan biyo baya. Faransa ta shafa wa duk Nijar jan launi a taswirar gargaɗinta, ban da Yamai, jagororin Kure suka wayi gari babu abin yi. A Janairun 2011 ma, da aka sace Faransawa biyu a wani gidan abinci a Yamai, cikin 'yan kwanaki Peace Corps ta kwashe mutanenta, ayyukan da suka faro a ƙauyuka suka tsaya inda suke. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Yana da ofishin jakadanci, yana da inshora, yana da jirgin da zai fitar da shi. Direban da ya zauna kusa da shi a mota ɗaya, cikin haɗari ɗaya, sau da yawa ba shi da ko ɗaya.

Wannan hujja ce ta gyara yawon. Ba ta kai ta soke shi ba, tunda a Merzuga da Wadi Rum da hamadar Namibiya ana yinsa cikin kwanciyar hankali, kuma gidaje da dama da shi suke ci. Inda 'yan ƙasa suka ce hanya ba ta biyuwa, maganarsu ta zama ta ƙarshe, kada yunwa ta sa jagora ya yarda da abin da ya san ganganci ne don baƙo ya matsa ko don Litinin za a koma aiki. Tafiyar ƙarshen mako tana da wannan aibi na gaggawa, gaggawa kuwa ita ke sa a fita da mota guda, a yi tuƙin dare, a rage ruwa. Akwai kuma masu kukan ɓarna, kuma suna da gaskiya: Itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada, mota ce ta kayar da shi a 1973, busasshen gangar jikinsa yana gidan tarihi na Yamai. Amma jagoran da abincinsa ya dogara da zanen raƙuman dawa na duwatsun Dabus shi ne zai fi kowa hana a taka su.

Saboda haka ƙungiyar da ke tura matasa ta daina lulluɓe yawo da rigar agaji. Wanda ke da sana'a da shekara guda ko biyu a hannu, ya zo ya yi aiki inda aka kira shi. Wanda ke da mako biyu ya zo a matsayin mai yawon buɗe ido, ya ɗauki jagora ɗan gari, ya biya shi kai tsaye ba tare da ciniki mai tsanani ba. Kafin kowace mota ta tashi kuma, a rubuta sunan direba da na jagora a takardar inshorar da ke ɗauke da sunan baƙo.