Wuta Ta Taɓa Jan Ka? Ga Abin da Jikinka Ya Ji da Abin da Yake Nufi

Wannan shi ne taƙaitaccen bayanin shirinmu na lafiyar iyali, wanda a wannan karon muka gabatar daga garin Figil, kan hanyar Garwa zuwa Marwa. Tambaya ɗaya muka jefa wa masu sauraro: wutar lantarki ta taɓa jan ka, kuma yaya ka ji? Kafin mu rufe baki waya ta fara ƙara, daga Figil da Gidar da Garwa, har daga Mubi a Najeriya da Lere a Cadi. Kusan kowa cikin dariya ya ba da labarinsa. To, dariyar nan ce ta sa muka ga ya dace mu rubuta maka bayanin ka ajiye a gida, domin wutar da ta ja ka ta sake ka gargaɗi ta yi maka, kuma ba kullum take maimaita gargaɗi ba.

Bari in fara da nawa. Ina da shekara goma sha biyu, rannan da damina, na fito daga wanka ƙafa ba takalmi, na kama ƙofar firij ɗin gidanmu. Abin da na fara ji kamar tururuwa dubu sun shiga yatsuna lokaci guda. Sai hannun ya hau kaɗawa har kafaɗa, haƙorana suka haɗu, bakina ya cika da ɗanɗanon ƙarfe kamar na tsotsi kwabo. Na so in yi ihu, murya ta ƙi fita. Yadda na rabu da ƙofar ban sani ba, ganina kawai na yi a zaune dirshan a ƙasa, hannun ya yi nauyi kamar na aro. Yayata ta yi ta dariya, ni ma na taya ta. Babu wanda ya kira mai gyara. Firij ɗin ya ci gaba da "ɗan ja" har shekara ta zagayo, Allah ne kawai ya tsare.

Labaran da masu sauraro suka kawo mana kashi uku suka rabu, kuma kowane kashi da ma'anarsa.

Kashi na farko su ne masu cewa "tas na ji, shi ke nan." Wani direba mai jigilar siminti daga Figil zuwa Marwa ya ce lokacin hunturu in ya sauko daga mota ya taɓa ƙofa, sai ya ji kamar an soka masa allura. Wata baiwar Allah ta ce bargonta tartsatsi yake yi da dare. Wannan wuta ce da ke taruwa a jiki saboda gogayyar tufafi a busasshiyar iska. Ƙarfinta kan kai dubban volt, amma ƙwaya ce 'yar mitsitsi, nan take ta fice ta ƙare, ba ta da wata illa. Haka wani bakanike ya ce fulogin babur ya taɓa fizgar sa har gwiwar hannu. Shi ma da zafi, amma fizga ɗaya ce ta wuce.

Kashi na biyu su ne irina: masu jin zirr a jikin firij, dutsen guga, injin markaɗe, ƙofar ƙarfe, ko famfon banɗaki. Kashi na uku kuwa, waɗanda murya ke canja musu in suna ba da labari, su ne masu cewa "ta riƙe ni, na kasa saki." Waɗannan biyun wutar gida ce, kuma tsakaninsu tazarar ba ta da yawa.

To me ya sa wuta ɗaya ta ja wannan ya yi dariya, ta kama wancan a kai shi makwanci? Ɗauki misalin tankin ruwa a saman gini. Tsayin tankin, wato ƙarfin da ke turo ruwan, shi ne volt. Yawan ruwan da ya bi ta cikin bututu shi ne ampiya. Wutar gidajenmu, a Kamaru ko Najeriya ko Cadi, tsakanin volt 220 ne zuwa 230, ba ta canjawa don kai. Abin da ke canjawa shi ne nawa ya samu hanya ya ratsa jikinka, kuma ana auna shi da miliampiya, wato kashi ɗaya cikin dubu na ampiya. Miliampiya 1 za ka ji ɗan zirr. Daga 10 zuwa sama hannu kan ƙanƙame. In ta haura 30 ta daɗe, numfashi na iya tsayawa. Daga 50 zuwa 100, in ta bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya. Don ka gane ƙanƙantar wannan lissafi: tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana shan kusan miliampiya 270. Ka ga ke nan, kashi ɗaya cikin goma na abin da ƙwan fitila ɗaya ke sha ya isa ya hana ƙato sakin waya.

Katangar da ke tsakaninka da wannan bala'i fatarka ce. Busasshiyar fata, musamman hannun manomi mai kanta, tana tare wuta sosai. Da zarar ta jiƙe da ruwa ko gumi, katangar ta rushe, abin da zai shiga na iya ninkawa sau goma ko fiye. Shi ya sa firij ɗin da ke ɗan jan ka a watan Janairu kana sanye da silifas, shi ne zai iya kashe yaro a watan Agusta, ƙafa ba takalmi, siminti a jiƙe. Firij ɗin dai shi ne, fata da ƙasa ne suka canja. Kar ka manta da zafin Maris da Afrilu ma. Duk wanda ya san zafin Garwa da Figil ya san jiki a jiƙe yake wuni, ko ba a yi ruwan sama ba.

Sai batun "riƙewa". Jama'a kan ce wuta tana da maganaɗisu, wasu ma su ce jini take sha. Ga yadda abin yake. Ƙwaƙwalwa da 'yar ƙaramar wuta take aika wa tsoka umarni ta motsa. Wutar gida kuwa tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, sai ta danne umarnin ƙwaƙwalwa ta tilasta wa tsoka ta ɗaure. Tsokar da ke dunƙule hannu ta fi mai buɗe shi ƙarfi, saboda haka hannu sai ya damƙe wayar da ke cutar da shi. Mutum yana gani, yana ji, hankalinsa garau, amma hannun ya daina jin maganarsa. In ta ɗaure tsokar ƙirji, ihun ma ba zai fita ba. Wani mai walda ya gaya mana cewa abokan aikinsa suna zaune taku biyar daga inda yake, suna shan shayi, sun ɗauka tsayawa ya yi yana tunani. Wanda aka ce wuta ta "wurgar" da shi kuwa, galibi tsokar ƙafafunsa da ta bayansa ce ta harba shi, kuma faɗuwar kanta kan karya ƙashi, balle in daga saman kwano ne ko tsani.

Hanyar da ta bi ita ma abin dubawa ce. In ta shiga yatsa ta fita ta yatsan kusa da shi, ƙuna ce a wuri ɗaya. In ta shiga hannu ta fita ta ɗaya hannun ko ta ƙafa, zuciya tana kan hanya. Zuciyar da wuta ta rikita rawa take yi maimakon bugawa, jini ba ya zuwa ƙwaƙwalwa, cikin 'yan mintoci aikin gama ya gama.

Akwai kuma hatsarin da ya shafi yankinmu musamman. Akasarin wutar arewacin Kamaru daga madatsar ruwa ta Lagdo take zuwa, a kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 mai ƙarfin megawat 72, sai tashoshin hasken rana da aka ƙara a Gidar da Marwa a 'yan shekarun nan. In ruwa ya ja baya a madatsar, ɗauke wuta kan yawaita. A nan ne mutum zai ce "ai babu wuta", ya hau gyaran waya da hannu. Malam, an ɗauke wuta daban, ka kashe wuta daban. Wadda aka ɗauke ba ta sallama in za ta dawo. Ga kuma maƙwabci mai janareta da ya haɗa shi kai tsaye da wayar gida bai raba layi ba, wutarsa tana iya komawa kan layin unguwa ta sami mai gyara a saman falwaya. Haka inbata: batirin volt 12 ba ya jan mutum, amma abin da ke fita daga inbata 220 ne cif, daidai da na kamfani.

Manyan wayoyin da ke bin gefen titi kuwa nasu ya wuce nan. Dubban volt suke ɗauke da su, kuma ba sai ka taɓa su ba, wutar tana iya tsallakowa ta iska in ka matsa kusa. Mai hawa saman lodin auduga ko ciyawa, mai ɗaga dogon ƙarfe wajen gini, makiyayi mai sassabe reshe wa dabbobi, duk su ɗaga kai kafin su ɗaga hannu. In waya ta tsinke ta faɗo bayan hadari, ƙasar da ke kewaye da ita ma tana ɗauke da wuta. A tsaya nesa da aƙalla mita 10, a hana yara da dabbobi zuwa, a sanar da kamfanin wuta.

Yanzu a ce abin ya faru a gabanka, me za ka yi? Kar ka kama shi da hannu, sai ku zama biyu. Ruga ka kashe wutar daga mita, ko ka zare fulogin in yana nesa da ruwa. In hakan ba zai yiwu ba, tsaya a kan busasshen katako ko tabarmar roba, ka sa busasshiyar muciya, taɓarya ko sanda ka ture wayar ko hannunsa. Turewa muka ce, ba duka ba. Da yawa sun ɗauka dukan ne ke fitar da wuta, sai a raba mutum da waya a bar shi da karaya. Wannan dabara ta sanda kuma ta wutar gida ce kaɗai, kar ka gwada ta a kan babbar waya.

Da ya rabu da wayar, babu sauran wuta a jikinsa, taɓa shi ba komai. Saboda haka binne shi cikin yashi ko ɗura masa madara da manja ba su da abin da za su zuƙe. Ɓata lokaci ne, kuma ɗura wa wanda ya suma abu a baki na iya shaƙe shi. Kira sunansa, ka duba ƙirjinsa. In yana numfashi, kwantar da shi a gefensa. In ba ya numfashi, sa wani ya nemo mota ko ya kira 'yan kwana-kwana, a Kamaru lambarsu 118, kai kuma ka ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ɗayan a kai, ka riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin kamar santimita 5 ga babba. Kar ka tsaya har sai ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya sun karɓe ka. Ƙuna kuwa a zuba mata ruwa mai tsabta na kamar minti 20, a rufe da tsaftataccen ƙyalle. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da toka.

Wanda ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce "lafiyata lau" fa? Ƙunar wuta irin ta rumbu ce, daga ciki take ci. Tabon waje zai iya zama kamar ƙwayar gero, alhali nama ya lalace a ciki. Duk wanda ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko wuta ta riƙe shi, ko yake jin ciwon ƙirji da faɗuwar gaba, ko hannu ya mutu, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi, a kai shi asibiti a ranar. Mai juna biyu da ƙaramin yaro kuwa, ko ja kaɗan ne a je a duba su. Babbar waya in ta taɓa mutum babu jira ko kaɗan.

Abin da muke roƙon ka kafin fitowa ta gaba ɗan kaɗan ne. Zagaya gidanka yau ka tambayi iyali: mene ne ke ja a gidan nan? Za ka sha mamaki, matan gida da yara sun san shi, har sun koyi kama shi da tsumma. Zare shi daga wuta har sai ƙwararre ya gani. Tambayi mai gyaran ko gidan yana da wayar ƙasa, wadda ke kwashe wutar da ta zurare ta kai ta cikin ƙasa kafin ta bi ta jikin mutum. Tambaye shi kuma na'urar nan mai katse wuta da kanta in yoyon ya kai miliampiya 30, wadda masu gyara a nan suka fi sani da sunanta na Faransanci, difaransiyel. Kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin jinyar ƙuna ba. Hitar da ake jefawa a bokiti, a zare ta kafin a sa hannu a ji ko ruwa ya yi zafi. Wayar da aka ja zuwa shago ko gidan maƙwabci ta saman kwano, aka naɗe mahaɗinta da leda, a sauke ta kafin ruwan farko.

Hausawa suka ce rigakafi ya fi magani. Mu da wuta ta ja muka rayu har muke ba da labari a rediyo, ba wayonmu ba ne, busasshiyar ƙasa ce ko silifas ɗin roba Allah ya sa suka zama sanadi. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya jiƙan waɗanda suka rasu ta wannan hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.