Agogon taitaniyam da rairayin ƙasarmu: abin da mai saye ya kamata ya sani

Taitaniyam ƙarfe ne mai launin toka wanda William Gregor ya gano a Ingila a 1791. Abubuwa uku suka ɗaukaka shi: ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma jikin mutum ba ya ƙin sa, shi ya sa likitoci ke ɗora karaya da shi. Nauyinsa giram 4.5 ne a kowane santimita kubik, na ƙarfen silba mara tsatsa kuwa ya kusa 8. Kamfanin Citizen na Japan ya fito da agogon taitaniyam na farko a 1970. A agogon zamani mai haɗuwa da waya, Apple ya fara amfani da shi a 2019, sannan a 2022 aka sami Apple Watch Ultra da Galaxy Watch5 Pro na Samsung. Tun daga nan sunan ya shiga bakin ƴan kasuwa, daga Farm Centre ta Kano har teburan masu kayan waya a Maraɗi da Tasawa, inda mutanen Hawandawaki da ƙauyukan kewaye ke sayayya.

Abin da mai talla ya fi faɗa shi ne wai agogon ba ya karcewa. Wannan ba gaskiya ba ne. Juriyar ƙarfe ga lanƙwasa da karyewa daban take da taurin fatarsa. Taitaniyam yana jure faɗuwa da bugu, amma samansa ba shi da taurin da ake zato. Akwai ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, inda na sama ke karce na ƙasa. Daiman yana kan 10, safaya 9, ma'adinin kwaz 7, taitaniyam kuwa wajen 6. Kwaz shi ne mafi yawan abin da ke cikin rairayi. Ke nan jigawar da ake noman gero a cikinta a yankin Tasawa da Mayahi ta fi jikin agogon tauri, haka ma ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Manomin da ke shuka da hannu, da magini mai taɓa yashi da siminti, da ɗan kabu-kabu mai yini cikin ƙura, duk za su ga zane a agogonsu, kuma wannan ba alamar jabu ba ce.

Taitaniyam ɗin ma aji-aji ne. Aji na 2 kusan tsantsa ne kuma ya fi laushi. Aji na 5 an gauraya shi da alminiyam kashi 6 da banadiyam kashi 4 cikin ɗari, ya fi tauri sosai, amma shi ma rairayi na cin sa.

Yadda aka gama fatar agogon shi ke nuna yadda zai tsufa. Wanda aka bari da launinsa na asali, mai dishi-dishi, ya fi ɓoye zane. Dalili shi ne taitaniyam na haɗuwa da iska ya yi wa kansa wata siririyar fata. Idan an ɗan karce ta, wurin yakan yi haske, daga baya ya sake dushewa ya saje da sauran jiki. Wanda aka goge yana ƙyalli kamar madubi shi ya fi tona asiri, kowane ɗan zane fitowa yake. Baƙi kuwa rufi aka yi masa, irin wanda ake kira DLC, kamar na baƙin Apple Watch Ultra 2 da ya fito a 2024. Rufin ya fi ƙarfen da ke ƙarƙashinsa tauri, don haka ƙananan zane ba su cika kama shi ba. Sai dai siriri ne ƙwarai: in agogon ya bugi kaifin ƙofar ƙarfe ko dutse har rufin ya ɓantare, farin ƙarfe zai leƙo, kuma babu mai gyaran kasuwa da zai iya mayar da shi. Gilashin fuska ma abin tambaya ne. Na safaya ya fi ƙarfin rairayi, amma yana iya tsagewa da bugu. Gilashin gama-gari kuwa rairayi na zana shi.

Babbar asara ta fi zuwa daga jabu. Apple Watch Ultra ya fito a kan dalar Amurka 799, saboda haka agogo mai kamarsa da ake sayarwa jika kaɗan, ko da kwalinsa ya ce taitaniyam, yawanci tutiya ce ko roba da aka fesa wa fenti. Gumi kan cinye fentin, kuma in akwai nikel a rufin wasu mutane na samun ƙaiƙayi da ƙuraje a wuyan hannu. Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi ba ya raba gardama: maganaɗisu ba ya kama taitaniyam, amma tutiya da alminiyam ma ba ya kama su. Abin da ya fi shi ne a haɗa agogon da waya a gaban mai sayarwa ta manhajar kamfanin ta asali, a kuma duba ko lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta kwali.

Wajen kulawa, kuskuren da aka fi yi shi ne goge ƙura da gefen riga, wanda ke jan ƙwayoyin rairayi a kan ƙarfe da gilashi. A fara ɗauraye shi da ruwa mai tsabta idan agogon mai jure ruwa ne, sannan a tsane da ƙyalle mai laushi. Toka da soson ƙarfe da man goge haƙori suna cin rufi. Lokacin shuka ko aikin gini, cire agogon ya fi kowace kariya, kuma kada a jefa shi aljihu ɗaya da makullai.