Sukari da Tsarin Mulki: Waiwaye a kan Tattaunawar Fiji da Tarayyar Turai

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce fayyace yadda cinikin sukari ya sarƙe da rikicin tsarin mulki a Fiji, ƙasar tsibirai da ke tekun Fasifik, wadda ta sami 'yancin kai daga Birtaniya a 1970.

2.0 Tushen Al'amarin

Tun daga yarjejeniyar Lome ta 1975, Turai ta riƙa sayen sukarin Fiji a kan farashin da ya ɗara na kasuwar duniya. Akasarin manoman raken kuwa jikokin Indiyawan da Turawan mulkin mallaka suka kai ƙwadago ne tsakanin 1879 da 1916. Yarjejeniyar Kwatano ta 2000, wadda ta gaji ta Lome, ta gindaya sharaɗin kiyaye dimokuraɗiyya, sashe na 96 kuma ya tanadi zaman tuntuɓa idan aka saɓa. Hausawa dai sun ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

3.0 Tattaunawar da Sakamakonta

A Disambar 2006 shugaban sojoji Frank Bainimarama ya kifar da gwamnatin Laisenia Qarase. A zaman da aka yi a Burasels cikin Afrilun 2007, wakilan Fiji sun yi alkawarin shirya zaɓe zuwa farkon Maris na 2009, aka kuma rataya tallafin gyaran harkar sukari a kan cika alkawarin. Zaɓen bai yiwu ba. A Afrilun 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta haramta gwamnatin, washegari Shugaba Josefa Iloilo ya soke tsarin mulkin 1997 ɗungurungum. Turai ta janye tallafin shekarar, a daidai lokacin da take zabtare kashi 36 cikin ɗari na farashin sukari. Manoma suka ɗanɗana kuɗarsu, gwamnati kuwa ta ƙara kusantar ƙasar Sin.

4.0 Kammalawa

Sai a 2013 aka kafa sabon tsarin mulki wanda ya kawar da zaɓe bisa ƙabila, Bainimarama kuma ya lashe zaɓen 2014. Abin lura a nan shi ne, matsin ciniki ya fi faɗawa kan talaka, bai kuma hanzarta sauyin da mai riƙe da madafun iko bai shirya masa ba.