Saiwar haƙori, aikin da ake ƙarasawa a ɓoye

Magini da harsashi yake farawa, amma haƙorin mutum da na sauran dabbobi masu shayarwa daga sama ake fara shi. Sai kan haƙori ya gama haɗuwa a cikin muƙamuƙi, farin ɓawonsa ya yi tauri, sannan saiwa take soma tsirowa. Abin da yawancin iyaye ba su sani ba shi ne, ranar da sabon haƙori ya huda dasashi, saiwarsa takan kai wajen kashi biyu bisa uku na tsawonta ne kawai. A haƙoran dindindin, sauran aikin yakan ci shekara biyu zuwa uku.

Mai jagorantar aikin wani siririn zobe ne na ƙwayoyin halitta, mai ninki biyu kacal, da ke kewaye da wuyan haƙori. Masana na kiran sa rigar Hertwig, da sunan Oscar Hertwig, Bajamushen da ya bayyana shi a 1874. Wannan riga tana zarcewa ƙasa cikin ƙashi, duk inda ta wuce sai ta umarci ƙwayoyin da ke cikinta su fara zuba dantin, wato ƙashin haƙori. Da ta gama da wuri sai ta kekkece, wasu ƙwayoyin su shigo ta kafofin su lulluɓe saiwar da wani shafi mai kama da ƙashi. A jikin shafin ne dubban zarurruka suke kafewa, su ɗaure haƙori da muƙamuƙi. Su ne suke sa mutum ya ji tsakuwa ɗaya a cikin lomar shinkafa. Ragowar rigar kuwa ba ta ɓacewa, tana nan a warwatse gefen saiwa har tsufa.

Rigar ce kuma ke yanke yawan saiwoyi. A haƙoran gaba bakinta ɗaya ne, saiwa ɗaya. A turame takan fitar da harsuna su haɗe a tsakiya, su raba bakin: yawanci biyu a turamen ƙasa, uku a na sama. Binciken da aka yi kan ɓeraye ya nuna cewa idan aka kashe ƙwayar gado mai suna Nfic, turamensu na fitowa da kai lafiya ƙalau amma babu saiwa. Ke nan umarnin gina kai daban, na saiwa daban.

Wasu dabbobin ba sa rufe wannan aiki sam. Haƙoran gaban ɓera da gafiya ba su daina girma, domin gindinsu a buɗe yake, shi ya sa suke gaigayar katako da buhu dare da rana. Haka hauren giwa. Zomo kuwa duk haƙoransa haka suke.

Inda wannan ilimi ya fi damuna shi ne bakin yaranmu. Wajen shekara 6 turmin dindindin na farko yake fitowa can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Uwa na ganinsa sai ta ɗauka na nono ne, in ya yi kogo ta ce ai zai yi famfara. Ba zai yi ba. Saiwarsa ba ta rufewa sai wajen shekara 9 ko 10, kuma idan ruɓa ta kashe ɓargon cikinsa kafin nan, girman saiwar ya tsaya ke nan, ta zauna gajeriya, bangonta siriri, gyaranta da wuya ko a hannun ƙwararren likita.

Haka in yaro ya faɗi a filin ƙwallo haƙorin dindindin ya fita ɗungurungum. Zarurrukan nan da ke jikin saiwar suna da rai, kuma da su ne haƙorin zai iya sake kamawa. A ɗauke shi ta kai, kada a kankare saiwar, kada a naɗe shi a takarda ya bushe. A tsoma shi cikin madara, a kai yaron wurin likitan haƙori kafin awa guda ta cika. Haƙorin nono kuwa ba a mayar da shi, don kada a ɓata wanda ke ƙarƙashinsa.