Na ajiye maganin damuwa rana ɗaya, jikina ya gaya mini

Kwana uku da ajiye maganin, ina cikin trotro daga Nima za ni Circle, na waiga zan miƙa wa yaron mota kuɗi, sai na ji wani abu ya ratsa kaina kamar na taɓa wayar lantarki da jiƙaƙƙen hannu. Na sake waigawa, ya sake dawowa. Da na sauka ƙasa ta riƙa juya mini, sai da na dafa teburin wata mai waakye.

Asalin maganar, bayan rasuwar mahaifiyarmu na yi watanni ba barci, ba cin abinci. In buɗe shago in zauna ina kallon bango. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ni a kan sertraline, miligiram 50 kullum da safe. Cikin wata huɗu na dawo hayyacina. Sai na ce to, ai na warke. Ga kuɗin magani, ga kuma wani abokina da ya ga kwalin ya ce, "Kai ma ka shiga layin 'yan tramol ke nan?" Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo. A daren na watsa sauran a kwandon shara, ban shawarci kowa ba.

Bayan jirin sai tashin zuciya, gumi cikin dare, da mafarkai masu ban tsoro. Ƙaramin abu yara za su yi in hau su da faɗa, in koma ɗaki in fashe da kuka. Yayata ta zo ta dube ni ta ce, "Wannan ba na asibiti ba ne, iska ce." Aka kawo hayaƙi da rubutu. Matata ce ta dage: "Maigida, mu koma wurin waɗanda suka ba ka maganin nan."

Nas ɗin da ke kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa tambaya ɗaya ta yi mini: "Malam, yaushe rabonka da magani?" Na ce, "Kwana tara, Sista." Ta girgiza kai, ta jawo kujera.

Ga abin da na fahimta. Irin wannan magani yana sa sinadarin serotonin ya daɗe tsakanin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, ita kuma a hankali sai ta daidaita kanta da hakan. Sertraline kuwa cikin kusan kwana ɗaya rabinsa ke barin jini. In ka yanke shi kwatsam, kafin mako ya kusa ƙarewa a jiki, alhali ƙwaƙwalwa ba ta shirya ba. Paroxetine da venlafaxine sun fi ƙaurin suna wajen wannan wahala. Fluoxetine yana daɗewa a jiki, shi ya sa nasa yakan zo da sauƙi. Amitriptyline ma, da ake yawan bayarwa a asibitocinmu, ba a yanke shi haka nan.

Ba ni kaɗai ba ne. Wani nazari da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2024, wanda ya tattara bincike 79, ya nuna kusan mutum 1 cikin 6 ko 7 na samun waɗannan alamu saboda barin maganin, kusan 1 cikin 35 kuma nasu kan yi tsanani. Tun 2019 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta gyara shawararta, ta amince cewa ga wasu abin kan kai watanni.

Na tambaye ta ko na zama ɗan ƙwaya ke nan. Ta ce ɗan ƙwaya kwaɗayinta yake yi, yana ƙara yawa don ya bugu, wannan kuwa sabo ne na jiki. Ta kuma bambance mini abu biyu: wahalar yanke magani takan zo cikin 'yan kwanaki, da jiri da wannan fizgar lantarki, ta lafa da sauri in an koma kan maganin. Dawowar ciwon damuwa kuwa a hankali take, bayan makonni.

Likita ya mayar da ni kan maganin, kwana biyu fizgar ta ɗauke. Ya ce ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi. Da lokacin ya cika muka fara ragewa kaɗan-kaɗan, kowane mataki sai na yi makonni a kai, matakan ƙarshe suka fi tafiyar hawainiya.

Abin da ya sa na rubuta wannan, na san a zangonninmu akwai masu ajiye magani saboda kunya, ko kuɗi sun yanke, ko azumi ya kama. Mai shan sa sau ɗaya a rana, likita zai iya mayar masa da shi lokacin sahur ko bayan buɗe-baki. Wanda ya ga kwalinsa ya kusa ƙarewa babu kuɗi, ya faɗa wa nas tun da saura. Wanda kuwa ya ji tunanin hallaka kansa na zuwa masa, kada ya kwana, a kai shi asibiti a ranar.

Yaya har yau tana cewa hayaƙinta ne ya yi aiki. Ba na musu da ita. Amma da ɗanta ya fara irin wannan magani bara, ita da kanta ta kira ni ta ce, "Ka zo ka gaya masa kada ya yi irin taka."