Yadda Sefa Ta Tsere wa Naira

Manomin Ruwan Bore a Zamfara yana iya shekara bai riƙe takardar sefa, kuɗin da ake kashewa a Nijar, a hannunsa ba, amma sefa tana da ta cewa a kan kuɗin buhun geronsa. Hatsin da ake tarawa a kasuwannin Gusau da Tsafe da Bunguɗu ba duka yake tsayawa a gida ba. Wani yakan bi ta Ƙauran Namoda da Zurmi, wani ta Jibiya, ya dangana da Maraɗi. Daga can kuma shanu da raguna da wake suke gangarowa. Duk ranar da canji ya motsa a bakin iyaka, sai ya taɓa awo a nan.

Kafin Turawa su ja iyaka, kuɗi ɗaya ake kashewa daga Zamfara har Gobir da Katsina, wato wuri. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa ɗaya. Ingila ta kafa hukumar buga kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, sai ga fam da sule da sisi da taro da kwabo. Haraji da cinikin gyaɗa da auduga su suka cusa su cikin ƙauyuka, musamman da jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura a ƙarshen shekarun 1920. Faransa kuwa ta ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945, ta ɗaure ta da nata kuɗin.

Naira ta fito ranar 1 ga Janairu 1973, naira biyu a fam ɗaya, kuma ta fito da ƙarfinta, domin lokacin kuɗin man fetur na kwarara. A 1980 dala ɗaya ba ta kai kwabo 60 ba a farashin gwamnati, alhali tana cin sefa sama da 200. In aka buga lissafi, naira ɗaya ta haura sefa 350. A wancan zamanin ne mutanen Nijar ke tururuwa Najeriya ci-rani, su koma gida da naira suna taƙama.

Da farashin mai ya faɗi, sai asiri ya fara tonuwa. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun kuɗi ta kuma rufe iyakoki, fatake da makiyayan da suka tara naira a hayin iyaka da yawa suka tashi da takardun banza. A Satumban 1986 gwamnatin Babangida, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, ta fara gwanjon kuɗin waje, nan da nan dala ta kai wajen naira huɗu. Zamanin Abacha an kafe farashin gwamnati a naira 22, kasuwa kuma tana sayarwa sama da 80. Wanda duk ya san wani a sama ya samu dala a farashin farko, ya yi arziki ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba. A ganina wannan farashi biyu ya fi faɗuwar kanta ɓarna, don shi ya mai da canji sana'ar da ta fi noma da masaƙa riba.

Ita ma sefa ta sha nata dukan, sai dai sau ɗaya ne, kuma mai zafi. A Janairun 1994 aka yi taro a Dakar, da matsin Faransa da Asusun Lamuni na Duniya, aka raba darajarta biyu: faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100. Mutanen Maraɗi sun kwana da kuɗinsu, suka wayi gari rabinsa ya tafi. Tun daga nan ba ta sake gusawa ba. Da aka shigo da yuro a 1999 aka ɗaure ta a sefa 655.957 kan yuro ɗaya, kuma nan take har yau.

Naira kuwa yoyo take yi kamar tulun da ya tsage. A 1998 tana cin wajen sefa bakwai a kasuwa. A 2010 ta koma uku da ɗoriya. Wajen ƙarshen 2021 suka yi kunnen doki a hannun 'yan canji. Bayan gwamnatin Tinubu ta saki farashi a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, jaka ɗaya ta sefa, wato 1,000, ta koma wajen naira 2,500.

Kada a ɗauka Nijar ta fi Najeriya arziki ne. Bambancin yana wurin wanda ke riƙe da injin buga kuɗi. Babban bankin sefa, BCEAO, yana Dakar, ƙasashe takwas ne suka mallake shi, ba shugaban da zai umarce shi ya buga masa kuɗin cike giɓin kasafi yadda ya ga dama. A Najeriya bashin da gwamnatin tarayya ta ci kai tsaye daga Babban Banki ya haura naira tiriliyan 22 zuwa 2023. Kuɗi suka yi yawa, kaya ba su ƙaru ba, dalar da ake samu kuma kusan duk daga mai take fitowa. Tsayuwar sefa ma ba kyauta ba ce: Nijar ba ta iya sassauta kuɗinta don taimakon manomanta, kuma da ƙasashen yankin suka sa mata takunkumi bayan juyin mulkin Yulin 2023, ta bankin BCEAO aka toshe mata asusunta.

Zamfarawa sun ɗanɗani wani abin daban a farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwa, mai akuya ya rasa mai saye sai da ragi. Gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle, da na Kaduna da Kogi, su suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da yawo.

Yanzu ɗan kasuwar Maraɗi mai sefa yana ganin hatsin Zamfara da araha, sai ya saya da yawa, farashi ya ɗaga. Manomin da ke da rarar sayarwa ya ji daɗi a kaka, kafin ya je sayen taki da maganin feshi da kayan gyaran babur, waɗanda farashinsu dala yake bi. Magidancin da rumbunsa ya ƙare tun bazara, ko wanda 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona, shi ke biyan tsadar ba tare da ya sayar da komai ba. Ragon layya da ake kawowa daga Nijar ma da sefa aka saye shi, kuma da lissafin sefa dillali yake yi masa kuɗi a Gusau.